Kuɗin Fito a Kan Kayan da Aka Yi Oda Daga Ƙasashen Waje

A yau wayar hannu ta zama kasuwa. Mutum yana zaune a ƙauyensu sai ya ga hoton injin feshi, ko fitilar sola, ko keken ɗinki, a wani kanti da ke ƙasar Sin ko Dubai ko Turkiyya. Ya latsa, ya biya ta banki, a ce masa kaya suna tafe. Wannan shi ake kira yin oda ta intanet. Kantuna irin su AliExpress da Temu da Amazon duk haka suke ciniki.

To, amma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Farashin da aka gani a waya ba kullum ne yake zama kuɗin ƙarshe ba. Kayan da suka fito daga wata ƙasa sai sun bi ta hannun kwastan kafin su kai ga mai su. A nan ana iya neman ƙarin kuɗi. Akan sami manomi ya sayar da buhunan masararsa, ya tura kuɗin gaba ɗaya. Da kaya suka iso sai a ce ya biya haraji, shi kuwa ba ko sisi a hannunsa. Kaya su yi ta zama, damina ta wuce, ba wan ba ƙanin. Saboda haka ya kamata duk mai niyyar yin oda ya san yadda abin yake tun kafin ya fitar da kuɗinsa.

Mene Ne Kuɗin Fito?

Kuɗin fito ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin da, fatake suna tashi daga Kano su tafi Gwanja sayen goro. A hanya sukan biya masu jirgi kuɗin ƙetarar da su kogi. Sukan kuma biya sarakunan garuruwan da suka ratsa. Madugu shi ke daidaita abin da ayari zai biya. Sunan nan na kuɗin fito shi ne har yau ake kiran harajin da gwamnati take karɓa a kan kayan da suka shigo daga waje.

A Nijeriya, Hukumar Kwastan ce ke karɓar wannan haraji. Tana aiki da wata sabuwar doka da aka sa wa hannu a shekarar 2023. Ma'aikatanta suna nan a tashoshin jiragen ruwa irin su Apapa da Tin Can a Legas. Suna nan a filayen jirgin sama, kamar na Murtala Muhammed a Legas da na Malam Aminu Kano. Suna nan a bakin iyaka, da kuma wuraren da ake tantance saƙonnin gidan waya masu zuwa daga waje.

Dalili uku ne ya sa ake wannan aiki. Na ɗaya, don gwamnati ta sami kuɗin shiga. Na biyu, don a kare masu sana'a na gida, kada kayan waje masu araha su kashe musu kasuwa. Na uku, don a tsare kayan da za su cutar da jama'a, kamar makamai da miyagun ƙwayoyi da jabun magani.

Takardar da Ke Jikin Ƙunshi

Ƙunshi ba ya magana. Takardar da aka manna a jikinsa ita ce bakinsa. Ita ake kira takardar bayyana kaya.

Idan ta gidan waya aka aiko, takardar iri biyu ce. Akwai ƙarama mai suna CN22, ta kaya marasa tsada. Akwai babba mai suna CN23, ta kayan da suka fi daraja. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ce ta tsara su. An kafa wannan ƙungiya a shekarar 1874, kuma hedkwatarta tana birnin Ban na ƙasar Suwizalan. Shi ya sa takardar iri ɗaya ce ko daga wace ƙasa ƙunshi ya fito.

Ga abubuwan da ake rubutawa a ciki: sunan abin da ke cikin ƙunshi, yawansa, nauyinsa, kuɗinsa, da ƙasar da aka yi shi. Akwai kuma wurin da ake sa alama a nuna ko kayan sayarwa ne, ko kyauta, ko takardu, ko samfuri. A ƙarshe mai aikowa ya sa hannu, wato ya tabbatar abin da ya rubuta gaskiya ne.

Idan kuwa kamfanin kai saƙo ne ya ɗauko, irin su DHL ko FedEx ko UPS, to da takardar ciniki ake aiki. Ita ma tana nuna sunan kaya da yawansu da farashinsu.

Ga abin lura a nan. Mai sayarwa ne yake cika takarda, amma mai saye ne yake ɗaukar abin da ya biyo baya. Idan aka yi kuskure ko ƙarya, kayan mai saye ake riƙewa. Mai sayarwa yana can ƙasarsu, ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Kowane Kaya da Lambarsa

Kwastan ba sa yanke haraji da ka. Akwai babban littafi da ya ba kowane irin kaya lamba. Hukumar Kwastan ta Duniya, wadda ke birnin Burasal na ƙasar Beljiyam, ita ke kula da wannan tsari, kuma ya fara aiki a shekarar 1988. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ƙasashen da ke bin tsarin. Misali, riɗi lambarsa 120740 ce, ko a Nijeriya ko a Japan. Lambar kaya ita ke nuna ajin harajinsu.

Tun shekarar 2015 Nijeriya take bin tsarin haraji na bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS. A wannan tsari aji biyar ne:

Aji na ɗaya, ba a biyan komai. Wannan na kayan da jama'a ba sa iya yi sai da su ne.

Aji na biyu, kashi 5 cikin ɗari. Wannan na kayan masarufi na tilas ne, da ɗanyun kaya, da injinan sana'a.

Aji na uku, kashi 10 cikin ɗari. Wannan na kayan da aka fara sarrafawa ne, waɗanda masana'antu za su ƙarasa.

Aji na huɗu, kashi 20 cikin ɗari. Wannan na kayan da aka gama haɗawa ne, sai amfani kawai.

Aji na biyar, kashi 35 cikin ɗari. Wannan na kayan da ake son a riƙa yin irinsu a gida ne.

Shi ya sa sunan da aka rubuta a takarda yake da muhimmanci. Idan aka rubuta “kayan aiki” kawai, ma'aikaci bai san ajin da zai sa su ba. Dole ya buɗe ya duba, lokaci ya tafi. Idan kuwa aka rubuta “injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, guda ɗaya”, to magana ta fito fili.

Yadda Ake Lissafi

Ba a kan farashin kaya kaɗai ake ɗora haraji ba. Abu uku ake haɗawa: kuɗin kaya, kuɗin dako, da kuɗin inshora. Jimlarsu ita ce darajar kaya a wurin kwastan. Daga nan sai a mayar da dala zuwa naira, bisa canjin da hukuma take aiki da shi a lokacin, ba na kasuwar bayan fage ba.

Ga misali, don a gane. A ce wani manomi ya yi odar inji a kan dala 400. Dako dala 80, inshora dala 20. Jimla dala 500 ke nan. A ce kuma a ranar dala ɗaya naira 1,500 ce. To, darajar injin ta zama naira 750,000.

A ce injin ya faɗa ajin kashi 10 cikin ɗari. Kuɗin fito ya zama naira 75,000.

Bayan wannan akwai harajin VAT. Tun watan Fabrairu na shekarar 2020 wannan haraji kashi 7.5 ne cikin ɗari. Ana ɗora shi ne bayan an haɗa darajar kaya da kuɗin fito. Wato 750,000 a tara da 75,000, ya ba da 825,000. Kashi 7.5 na wannan shi ne naira 61,875.

Idan aka haɗa 75,000 da 61,875, an sami naira 136,875. Ga kuma wasu ƙananan kuɗaɗe da doka ta ɗora, waɗanda za su ɗan ƙara jimlar. Ga ladan kamfanin da ya yi hidimar fito da kaya. Ashe wanda ya tanadi naira 750,000 cif bai tanadi kuɗin injin ba tukuna.

Waɗannan lambobi misali ne kawai. Canjin dala yana hawa yana sauka, kuma kowane kaya da ajinsa. Akwai ma kayan da aka yafe musu VAT. Amma hanyar lissafin ke nan. Duk wanda ya koyi tarawa da sau a ajin yaƙi da jahilci zai iya yin sa a bayan littafinsa.

Sassaucin Dala 300

Akwai labari mai daɗi ga masu ƙananan oda. A shekarar 2025 hukumar gudanarwar kwastan ta amince da wani sassauci, wanda ya fara aiki ranar 8 ga Satumba na shekarar. An yafe kuɗin fito a kan ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dalar Amurka 300 ba. Sassaucin ya shafi kayan da aka saya ta intanet, da saƙonnin da kamfanoni ke kawowa, da kayan da matafiyi ya riƙo.

Amma da sharaɗi. Sau huɗu a shekara aka yarda mutum ya ci wannan moriya. Kuma sassaucin bai shafi kayan da aka hana shigowa da su ba. Sannan hukumar ta ja kunnen masu wasa da takardar ciniki don su ɓoye farashi. Wanda aka kama, ana iya ƙwace kayansa, a kuma hukunta shi.

Yafe kuɗin fito bai hana gidan waya ko kamfani neman ladan hidimarsu ba. Wannan daban, haraji daban. Idan aka nemi mutum ya biya wani abu, sai ya tambaya: wannan kuɗin mene ne, kuma na wa ne? Matambayi ba ya ɓata.

Kowace ƙasa da dokarta, kuma doka tana canzawa. Amurka ta daɗe tana yafe haraji a kan kayan da ba su wuce dala 800 ba, amma a watan Agusta na 2025 ta janye wannan. Don haka abin da wani ɗan'uwa da ke wata ƙasa ya faɗa ba lalle ne ya yi daidai da na gida ba.

Ƙaryar Farashi

Wani mai sayarwa yakan ce wa mai saye: “Bari in rubuta ƙaramin farashi, ko in ce kyauta ce, don kada a caje ka.” Maganar tana da daɗin ji, amma tarko ce.

Da farko, ma'aikatan kwastan sun san farashin kaya. Kullum irinsu suke gani. Suna da na'urar haska ƙunshi, kuma doka ta ba su ikon buɗewa. Idan suka ga injin dala 400 an rubuta masa dala 30, ba za su yarda ba. Su za su yanka masa daraja, kuma ana iya ƙara tara, ko a ƙwace kayan.

Na biyu, idan ƙunshi ya ɓace ko ya fashe a hanya, da abin da aka rubuta a takarda ake neman diyya. Wanda ya yarda aka rubuta dala 30 ba shi da bakin neman dala 400.

Na uku, rubuta “kyauta” ba ya sa kaya su kuɓuta. Kyauta ma tana da daraja, kuma ana iya yi mata lissafi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Idan kuwa mutum ya faɗi gaskiya amma aka yanka wa kayansa daraja fiye da kima, yana da ikon ƙorafi. Ƙa'ida ita ce a fara duba kuɗin da aka biya da gaske. Sai ya nuna takardar ciniki da shaidar biya ta banki, ya nemi a sake dubawa. In bai gamsu ba, ya nemi ganin babban ofisa. Shi ya sa ba a goge saƙon banki, ba a kuma yar da rasit.

Kayan da Ba a Yarda da Su Ba

Ba duk abin da ake sayarwa a waya ne aka yarda ya shigo ƙasa ba. Mai kanti ba ruwansa da dokar Nijeriya. In an biya, zai aiko.

Akwai kayan da aka hana. Cikinsu akwai jabun kuɗi, da miyagun ƙwayoyi, da tufafin gwanjo, da daskararren naman kaji. Ganin wasunsu a kasuwa bai sa sun zama halal a wurin kwastan ba.

Akwai kuma kayan da sai da izini. Maganin mutane da na dabbobi, da maganin feshi, da abincin gwangwani, duk suna ƙarƙashin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Irin shuka, da dashe, da dabbobi masu rai, da ƙwan ƙyanƙyasa, suna buƙatar izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi, wato NAQS. Bindiga da harsashi, da ƙaramin jirgi marar matuƙi, sai da yardar hukumomin tsaro.

Wannan ya shafi manoma ƙwarai. Mutum yana iya ganin hoton wani irin tumatir ko kankana mai ban sha'awa, ya yi oda. In ba izini, ana iya riƙe shi. Kuma dokar don amfanin manomi aka yi ta. Ƙwaro ko cutar da ta biyo iri daga wata ƙasa tana iya cinye gonakin gari guda. Manoman masara ba su manta da tsutsar nan da ta ɓulla a 2016 ba, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Kafin a yi odar iri ko maganin feshi, a nemi shawarar malamin gona.

Haka kuma kada mutum ya yarda a yi amfani da sunansa da adireshinsa a karɓi ƙunshin wani da bai san abin da ke ciki ba. Ma'aikatan NDLEA, masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suna binciken saƙonni. In aka sami mugun abu, mai sunan da ke jikin ƙunshi za a fara nema.

Wa Zai Biya, Kuma a Ina?

Hanya uku kaya suka fi biyowa. Akwai gidan waya, wato NIPOST. Akwai kamfanonin kai saƙo. Akwai kuma 'yan dako masu tara kayan mutane da yawa a ƙasar Sin ko Dubai, su kawo Legas ko Kano, su yi caji bisa kilo.

Wasu kantuna sukan haɗa haraji cikin kuɗin da aka biya tun farko. A nan mai saye ba zai sake biya ba. Wasu kuwa sukan bar wa mai saye ya biya idan kaya sun iso. Yawanci suna rubuta wannan da ƙananan haruffa a ƙasan shafi. Wanda bai iya Turanci ba sai ya sa wani amintacce ya karanta masa. Mai aiki da 'yan dako kuma ya tambaye su tun farko: kuɗin kilon nan har da na kwastan, ko ban da shi?

Kuɗin fito na gwamnati ne. Akwai takardar lissafi da ke nuna abin da aka caja, ana biya ta banki, kuma ana ba da rasit. Idan kamfani ne ya biya a madadin mutum, sai ya nemi su nuna masa takardar.

Kada kuma a yi jinkiri. Ƙunshin da ya daɗe a ajiye yakan tara kuɗin ajiya. In ya wuce wa'adi, ana iya mayar da shi inda ya fito, ko hukuma ta ƙwace ta yi gwanjonsa.

Hattara da 'Yan Damfara

Macuta sun gane mutane suna tsoron sunan kwastan. Sai su bugo waya, ko su turo saƙo, su ce: “Ƙunshinka yana hannun kwastan. Tura kuɗi yanzu cikin wannan asusu, in ba haka ba za a ƙwace.” Wani lokaci ma mutum bai yi odar komai ba. Sai su ce wani bawan Allah ne daga ƙasar waje ya aiko masa da kyautar waya da zinariya da daloli. In ya tura na farko, su ƙirƙiro na biyu, har sai sun tatse shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Alamominsu a fili suke. Suna ba da lambar asusu mai sunan mutum. Suna gaggawa da tsoratarwa. Suna cewa kada a faɗa wa kowa. Suna neman lambar sirri ta katin banki. Ba a biyan harajin gwamnati cikin asusun wani mutum. Kuma ba ma'aikacin gaskiya da zai nemi lambar sirrin kowa.

Kowane ƙunshi na gaskiya yana da lambar bin sawu. Da ita ake duba inda ya kai. Wanda aka bugo wa irin wannan waya, sai ya ɗauki lambarsa ya tafi gidan waya ko ofishin kamfanin da ƙafarsa, ya ji daga bakinsu.

Kafin a Latsa

Mai niyyar yin oda ya tsaya ya amsa waɗannan tambayoyi:

1. An yarda wannan kaya ya shigo ƙasa, ko sai da izini?
2. Darajarsa ta wuce dala 300, ko ba ta kai ba?
3. An haɗa haraji cikin farashi, ko sai ya iso za a biya?
4. In an tara kuɗin kaya da dako da haraji, ya fi na kasuwar Kano ko Kaduna ko Sakkwato araha?
5. In ya lalace, akwai mai gyara da kayan gyara a kusa?
6. An rubuta suna da adireshi da lambar waya daidai?

Sau da yawa, in aka yi lissafin nan, sai a ga na kasuwar gida ya fi sauƙi, ga shi mutum zai gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Wani lokaci kuma na waje ne ya fi, ko da an biya haraji. Lissafi ne zai raba gardama.

Wanda ya ƙudurta yin oda, to ya ware kuɗin fito a gefe. Ya gaya wa mai sayarwa ya rubuta sunan kaya da farashinsu na gaskiya. Ya adana takardar ciniki, da shaidar biya, da lambar bin sawu, har ranar da kaya za su shigo hannunsa. In ya je karɓa, ya tafi da katin shaidarsa, ya karanta takarda kafin ya sa hannu, ya kuma karɓi rasit a kan kowace naira da ya biya. Kuɗin da aka samu da fartanya bai kamata ya salwanta saboda takarda guda ba. Rigakafi ya fi magani.